Yadda Za Ka Duba Harajin Gidanka Kafin Ka Biya

Yawancin sababbin masu gida da na gani, da takardar haraji ta zo, idonsu kan jimillar kuɗin yake sauka. Su yi tsaki, su biya, shi ke nan. Ni ma haka na yi shekara biyu a jere, ina biyan harajin ɗakin da babu shi a gidana.

Da farko raba lissafin kashi biyu. Hukumar yankinku tana ƙiyasta darajar gidanka, sannan ta ɗauki wani kaso a kai. Idan an ƙiyasta gida a kan 200,000 kuma kason kashi 1 cikin 100 ne, harajin shekara 2,000 ke nan. Kason na kowa da kowa ne, gardama a kansa ɓata yawu ne. Ƙiyasin kuwa naka ne kai kaɗai, kuma a nan kuskure yake ɓuya.

Sai ka gano ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin ba ko'ina ake bin kuɗin da ka saya ba. A Ingila tun 1993 ake sa gidaje a rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta ranar 1 ga Afrilun 1991. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978 ta hana ƙiyasin tashi fiye da kashi 2 a shekara, sai in an sayar da gidan ko an yi sabon gini. Wasu wuraren kuma kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa ake dubawa.

Yanzu ga inda na faɗi. Je ofishin haraji ka nemi abin da suka rubuta game da gidanka: girman fili, faɗin gini, yawan ɗakuna, shekarar da aka gina shi. Ka ɗauki tef ka auna da hannunka. Ni rumfar mota aka rubuta mini a matsayin ɗakin kwana, kuma ranar da na gano, wa'adin ƙorafin wannan shekarar ya riga ya wuce, saboda na jefa takardar ƙiyasi a durowa ina jiran takardar biya. Takardu biyu ne daban, kuma sau da yawa wa'adin daga ta farkon yake fara ƙirga. Ranar da ta iso hannunka, ranar za ka rubuta wa'adin inda idonka zai riƙa gani.

In za ka kai ƙorafi kan ƙiyasin, kada ka je kana cewa kuɗin ya yi yawa, ba mai sauraronka. Tafi da hotuna, zanen ginin, da ƙiyasin gidaje uku makamantan naka a unguwarku. Kada ka ɗauki wakili a wannan mataki, ladansa kan cinye abin da za a rage maka.

Ka ci gaba da biya yayin da ake duba ƙorafin, don tara ba ta jira. Tambayi rangwamen da ake yi wa tsofaffi, masu naƙasa ko mai zaune a gidansa. A Ingila mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25, amma sai ya nema. Ajiye rasit ɗin kowace shekara, mai sayen gidan zai tambaye su.