Kurakuran da ake yi wajen sayen wilin yanka iska don gasar tirayatlon

A gasar tirayatlon, inda ake haɗa iyo da tseren keke da gudu, keke ne ke cin mafi yawan lokaci. A Ironman, tirayatlon mai dogon zango, kilomita 3.8 ne na iyo, 180 a kan keke, sannan 42.2 na gudu. Shi ya sa duk wanda ya soma gasar, ba a jimawa idonsa ke komawa kan wilin kabon ɗin nan mai zurfin rim, irin na Zipp ko HED ko Enve, wanda guda biyu kan kai dala 2,000 ko fiye. Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Tana biya, amma ga wanda ya gama gyara abubuwan da suka fi arha tukuna. Yawancin kurakuran daga tsallake wannan suke tasowa.

Babban kuskure shi ne sayen wili alhali zaman mutum a kan keke bai gyaru ba. Cikin turjiyar iskar da ake fama da ita, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari jikin mahayin ne ke jawo ta: ƙirjinsa, kafaɗunsa, kansa. Keken gaba ɗaya ragowar yake ɗauka, wili kuwa wani yanki ne na wannan ragowar. Ka ga mutum zaune a miƙe, ƙirji a buɗe, riga tana kaɗawa a bayansa, amma ƙarƙashinsa wilin dala dubbai. Abin da wilin ya ceto masa, rigar kaɗai ta cinye.

Abin da ya faru a gasar keke ta Tour de France a 1989 ya isa misali. Ranar ƙarshe aka yi tseren ɗai-ɗai daga Versailles zuwa Paris, kilomita 24.5, kuma Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50. Fignon ya fito da rufaffen wili, wato wanda yake a shafe kamar faifai ba sifoki, gaba da baya, kansa ba hular kwano. LeMond rufaffen wili ɗaya ya sa, a baya, amma ya ɗaura sandunan nan biyu da ake jingina gwiwar hannu a kansu, waɗanda 'yan tirayatlon suka fara yayi, ya kuma sa hula mai tsinin ƙeya. Ya ba Fignon ratar daƙiƙa 58 a ranar, ya ci gasar da daƙiƙa 8. Ba kaya kaɗai suka yi aikin ba, LeMond ya taka feda yadda ya kamata, amma mai wili biyu ne ya sha kaye.

Gyaran a nan ba shi da wuya. A fara da sandunan jingina hannu, a je wurin wanda ya iya daidaita tsayin sirdi da kan keke da jikin mutum, a sami zaman da za a iya jurewa awa biyu ko biyar ba tare da an riƙa tashi ana miƙe baya ba. Sai hula, sai riga mai kama jiki. Duka waɗannan a haɗe sau da yawa ba su kai kuɗin wilin ba.

Na biyu, taya. Mutum ya kashe dukiya a wili, sai ya cire tsohuwar tayarsa mai kauri ta atisaye ya maƙala masa. Taya ce ke taɓa kwalta, kuma bambancin taya mai taushi ta tsere, irin Continental GP5000, da taya mai tauri yakan yi kusa da ribar da ake nema a wilin kansa. Tub ɗin robar latex ma ya fi baƙin tub na yau da kullum sauƙin mirginawa, sai dai yana saurin sace iska, dole a yi masa famfo da safen gasa. Akwai kuma faɗi. Injiniya Josh Poertner, wanda ya yi aiki a Zipp, shi ya yaɗa ƙa'idar cewa faɗin rim ya kai aƙalla kashi 105 cikin ɗari na faɗin taya. In taya ta fi rim kumbura, iska tana rabuwa da wilin tun daga gaba, zurfin da ka saya bai yi aikin komai ba. Kada ka dogara da lambar da ke jikin taya. Ka hura ta a kan rim ɗin, ka auna da kanka, don tayar milimita 25 takan buɗe ta wuce haka a rim mai faɗi. Kuma a daina hura taya har ta yi kamar dutse. A kwalta mai gargada, taya mai tauri tsalle take yi, tsallen nan ƙarfinka yake ci. Rim marar ƙugiya a baki ma yana da iyakar iskar da za a hura masa, bar 5, wato kimanin PSI 72. Wuce nan taya na iya ficewa.

Sai masu cewa a ba su wanda ya fi kowanne zurfi. Zipp 404 zurfinsa milimita 58, 808 kuwa wajen 80, kuma a ɗakin gwajin iska mai zurfin ne ke gaba. A hanya labarin yakan canja, saboda wilin gaba shi ne sitiyari. Iskar gefe ta bugo shi, ko babbar mota ta wuce, sai ka ji kan keke ya fizge. Mai ƙaramin jiki ya fi jin wannan. Da zarar tsoro ya sa ka saki sandunan ka koma riƙe birki, ka tashi zaune, duk ribar ta tafi. A Kona ta tsibirin Hawaii, inda gasar Ironman ta duniya ta koma a 1981, an hana rufaffen wili saboda iskar hanyar garin Hawi. A ganina, matsakaicin zurfi a gaba, milimita 50 zuwa 60, da mai zurfi a baya ya wadatar da yawancin mutane. Wilin baya ba ya juya keke, don haka can ne wurin rufewa. Akwai ma murfin roba da ake ɗaurawa a kan wilin baya na gida ya zama rufaffe, da ɗan kuɗi kaɗan, kuma aikinsa bai yi nisa da na mai tsadar ba.

Alƙaluman talla ma a karanta su da lura. Ana yawan yin gwajin a gudun kilomita 48 a awa, ana kuma kwatanta sabon wili da wani tsohon mai sifoki da yawa. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ƙaruwa ne sau takwas in gudu ya ninka biyu, saboda haka wat ɗin, wato ƙarfin, da aka ce za ka ceto a 48, kaɗan daga cikinsa za ka gani a 30. Amma kada wannan ya kai ka ga kuskuren da ke ɗaya gefen, na cewa "ni ba ni da gudu, ba ruwana da iska". Marar gudu ya fi daɗewa a hanya, don haka in a minti ake lissafi, yakan ceto daidai da na gwani ko fiye.

Nauyi kuwa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya bai kai a damu da shi ba. Sai a hanya mai hawa da gangara irin ta Nice a Faransa.

A duba dokar gasa kafin a biya kuɗi. A tseren da aka yarda a bi bayan juna, irin na Olamfik mai kilomita 40 a kan keke, ba a shiga da rufaffen wili, kuma cikin ayari ribar wilin tana raguwa. A Ironman ne, inda sai ka bar tazarar aƙalla mita 12 tsakaninka da na gabanka, kake fuskantar iska kai kaɗai.

Saura ƙananan abubuwan da ke ɓata ranar gasa. Wilin birkin faifai ba ya shiga keke mai birkin rim, kuma gidan giyar baya dole ya dace da naka. Rim ɗin kabon yana son robar birki tasa daban, kuma cikin ruwan sama birkin yana jinkirin kamawa, sai an gwada kafin gasa. Na hannu ya fi arha ƙwarai, musamman yanzu da aka koma birkin faifai ana sayar da tsofaffin, amma biyan kuɗi kan hoto sayen kifi a ruwa ne: ka riƙe shi, ka juya shi, ka bi bakin rim da yatsa ko akwai tsaga ko kumburin zafi. Sannan bawul. Tub ɗin da ke jakar sirdinka tun zamanin tsohon wili gajeren bawul gare shi, ba zai leƙo daga rim mai milimita 80 ba, balle famfo ya kama shi. Ka sayi mai dogon bawul ko abin ƙara masa tsawo, ka kuma gwada cire taya da mayar da ita a gida, don wasu sababbin rim ɗin suna da matsi sosai.