Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙara wa Famfo Mai Fistin Ƙarfin Ruwa

Famfon nan mai fistin uku da ake haɗa shi da injin fetur da bel, asalinsa na feshin gona ne, amma yau a wuraren wankin mota aka fi ganinsa. Yana da araha, kayan gyaransa ba sa wuyar samu, ga shi yana jure wahala. Inda ake samun matsala shi ne ranar da mai shi ya ga ruwan ba ya kankare laka yadda yake so, ya ce a ƙara masa firesha, wato ƙarfin matsin ruwa. Daga nan sai a shiga matse wannan, a sauya wancan, kafin wata ya zagayo famfon da yake aiki lafiya ya koma yoyo ta ko'ina.

Tushen yawancin kurakuran abu ɗaya ne: zaton cewa famfo ne yake yin firesha. Famfo mai fistin ruwa kawai yake turowa. Duk juyi ɗaya, adadin ruwan da zai turo ƙayyadadde ne, gwargwadon faɗin fistin (sandan da ke kai-da-komo yana tura ruwan) da nisan tafiyarsa. Firesha kuwa tana tasowa ne idan ruwan ya sami ƙuntatacciyar mafita. Duk wanda ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa don ruwa ya yi nisa ya san wannan. Saboda haka idan firesha ta yi ƙasa, tambayar farko ita ce: ta ina ruwan yake samun sauƙin fita?

Amsar, sau da yawa, tana bakin bindigar feshi. Ramin nozil, wato ɗan bakin da ruwa ke fita ta cikinsa, yana cinyewa a hankali, musamman inda ruwan yake da yashi, kuma ido ba ya ganin cinyewar. Lissafinta kuwa babu sassauci. Idan duk ruwan famfon ta nozil yake fita, faɗin ramin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kacal, firesha za ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Famfon da yake ba da bar 40 (bar shi ne ma'aunin firesha) sai ya koma wajen bar 27, alhali babu abin da ya same shi. Ana nan sai ka ga an kwance famfo gaba ɗaya, an sauya fakin (abin da ke hana yoyo a jikin fistin), an sauya bawul, an biya bakanike, aka bar ɗan abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yaran wurin wanki ma suna da nasu laifin: nozil ya toshe, sai a samo allura ko waya a tsokale shi. Kowace tsokala faɗaɗa ramin take yi. Gyaran shi ne a cire shi, a wanke shi ta baya da ruwa ko iska, idan ya cinye a sa sabo mai lamba daidai da ruwan famfon. Mai bakin tangaran ya fi na tagulla daɗewa.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na regileta, wato bawul ɗin nan mai sifirin da ke mayar da rarar ruwa cikin tanki. Mutane sun ɗauke shi a matsayin wurin ƙara ƙarfi, ana murɗa shi har ya tsaya cak. Wasu ma su cusa zoben ƙarfe (washa) biyu ko uku a ƙarƙashin sifirin ɗin, wasu su toshe tiyon komawar ruwa da ƙusa. Ga yadda za ka gane ko murɗawar tana da amfani. Kunna inji, ka danna bindiga, ka dubi tiyon da ke mayar da ruwa tanki. Idan ruwa yana komawa da yawa, to regileta ce ke riƙe da firesha, ƙarin murɗawa zai ɗaga ta. Idan kuwa ko ɗigo ba ya komawa, duk ruwan ya riga ya tafi nozil, ko ka murɗa da sifana firesha ba za ta ƙaru ba. Abin da ka yi kawai shi ne ka rufe ƙofar tsira. Da zarar an saki bindiga, fistin uku na ci gaba da turo ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa, dole ya nemi hanya. Zai fasa tiyo, ko ya tsage kan famfo, ko ya lanƙwasa kanrod, wato ƙarfen da ke tura fistin. Wanda yake tsaye kusa kuma yana iya samun rabonsa.

Saitin da ya dace shi ne a zaɓi nozil da zai kai firesha inda ake so, sannan a saita regileta ta yadda ɗan ruwa kaɗan zai riƙa komawa tanki ko da ana cikin feshi. A ɗaure notin kulle, a gaya wa yara kada wanda ya taɓa. Sannan ruwan komawa ya tafi cikin tanki. Idan aka mayar da shi kai tsaye bakin shigar famfo, aka bar inji yana aiki bindiga a rufe, ruwa ɗaya ne zai yi ta zagayawa yana zafi, cikin 'yan mintuna ya dafa fakin.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da geji, wato agogon auna firesha, kuma abin mamaki shi ne yawan famfunan da gejinsu ya mutu tun tuni, allura a kwance, ana auna firesha da tafin hannu ko da ƙarar ruwa a jikin mota. A sayi geji mai ruwan gilisarin a ciki, don allurarsa ba ta rawa, kuma ya kasance iyakarsa ta kai ninki biyu na firesha da ake aiki da ita. A kuma lura da ma'aunin da ke jikinsa, domin akwai wani ma'aunin da ake kira psi, kuma bar 1 ya yi daidai da kusan psi 14.5. Mutum ya ga 600 a geji mai ma'aunin psi ya ɗauka ya kai ƙololuwa, alhali bar 41 ne.

Sai masu sauya fuli, wato faifan da bel yake hawa. Hujjarsu ita ce idan famfo ya ƙara gudu, ruwa zai ƙaru, firesha ta hau. Haka ne, amma na ɗan lokaci. Injin fetur ƙarami yana juyi har 3,600 a minti. Da fuli mai faɗin milimita 75 a inji da mai 270 a famfo, famfon zai yi juyi 1,000. Sa mai 100 a inji, sai ya koma 1,333. Abin da ba a tunawa shi ne famfo ba zai turo ruwan da bai shiga cikinsa ba. Fistin ya ja da baya da sauri, ruwa bai samu ya biyo shi ba, sai kumfar tururi ta cike gurbin, da ya dawo kumfar ta fashe da ƙarfi a jikin ƙarfe. Za ka ji famfon yana ƙara kas-kas-kas, tiyo yana fizga, allurar geji tana tsalle. Idan ka kwance irin wannan famfon ka ɗauko bawul ka duba a hasken rana, za ka ga mazauninsa ya yi ƙananan ramuka, sifirin ɗinsa wani lokacin a karye. Bawul da ba ya rufewa sosai kuwa, rabin ruwan baya yake komawa, firesha ta faɗi ƙasa da inda aka faro. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Tun ba a kai ga sauya fuli ba, ɓangaren shan ruwa ya kamata a fara dubawa. Tiyon shiga ya zama gajere, mai kauri, mai waya a ciki don kada ya lotse, faɗinsa kada ya gaza na bakin famfon. Tanki ya ɗan fi famfo tudu don ruwa ya gangaro da kansa. A wanke matatar ruwan shiga kullum. Mahaɗar da ba ta ɗauru ba a wannan ɓangaren ba ta yoyon ruwa, iska take sha, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ta ba. Lambar juyin da kamfani ya rubuta a jikin famfo kuwa, kada a wuce ta.

Akwai lissafin da duk mai son ƙarin firesha ya kamata ya yi kafin ya taɓa sifana. A ninka firesha a ma'aunin bar da yawan litar ruwa a minti, a raba da 600, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ruwan yake buƙata. Lita 20 a bar 40 kilowat 1.3 ne. Lita 20 ɗin nan a bar 100 kuwa kilowat 3.3 ne, idan aka haɗa da asarar da ake yi a bel da cikin famfo ya doshi 4, wato sama da ƙarfin doki 5. Injin da aka rubuta masa doki 6.5, wannan iyakar ƙarfinsa ne a cikakken gudu, ba abin da zai wuni yana bayarwa ba. Shi ya sa ake ganin inji yana nishi, yana hayaƙi, bel yana zamewa yana wari. Idan na'urar lantarki (moto) ce take juya famfon abin ya fi muni, domin ita ba ta kuka sai ta ƙone, balle idan wuta ba ta cika ba. Matse bel fiye da kima don hana zamewa kuma boris, wato abin da sandan juyi ke gudu a cikinsa, yake kashewa.

Ko da inji ya isa, sai a tambayi jikin famfon. Fistin mai faɗin milimita 22 fuskarsa santimita murabba'i 3.8 ce. A bar 40, nauyin da ruwa ke ɗora masa kusan kilo 155 ne. A bar 100 ya kai kusan kilo 390, kuma wannan nauyin ta kanrod da karanshaf (sandan juyin da ke motsa kanrod) da boris yake bi, sau ɗaruruwa a kowane minti. Irin waɗannan famfunan feshi galibi iyakarsu wajen bar 40 ce zuwa 50, da wannan nauyin aka ƙera su. Alamar an wuce gona da iri ita ce akwatin mai ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, baƙin mai ya fito da ƙyalƙyalin garin ƙarfe.

A nan ne hanyar gaskiya take, wadda masu ƙera famfo da kansu suke bi: a rage faɗin fistin. Famfo mai fistin milimita 30 a bar 40 yana ɗauke da kusan kilo 290 a kowane fistin. Wannan nauyin dai, a kan fistin mai 22, bar 74 zai bayar, ba tare da karanshaf ya ji wani bambanci ba. Abin da aka biya shi ne ruwa, domin lita 40 za ta koma wajen 21. Firesha da yawan ruwa musaya ake yi, sai dai in an ƙara inji da girman famfo gaba ɗaya. Kuskuren da ake yi a wannan aikin shi ne a kai wa mai injin gurza ƙarfe ya sassaƙo siririn fistin daga kowane irin rodi. Fistin yana son ƙarfe marar tsatsa mai tauri ko tangaran, fuskarsa sumul, in ba haka ba a kwana biyu zai cinye fakin. Kuma sabon fistin yana buƙatar fakin da zoben da suka dace da shi, da sabon nozil ƙarami, da kan famfo da zai iya ɗaukar sabuwar firesha. Kan da aka yi da siririyar tagulla ko alminiyon don bar 40, ba ruwansa da cewa karanshaf ya huta. A ganina, idan abin da ake so ya haura bar 100, a daina wahalar da famfon feshi, a nemi wanda aka ƙera don wanki tun asali.

Fakin ma yana shan azaba. Ruwa ya fara ɗiga, sai a matse notinsa iya ƙarfi. Fakin da aka shaƙe yana zafi, ya bushe, ya karce fistin. Shafa yatsa a jikin fistin da aka yi wa haka, za ka ji layuka a tsaye, farce yana maƙalewa a cikinsu. Irin wannan ko sabon fakin aka sa masa ba zai riƙe ruwa ba. A riƙa matsewa kaɗan-kaɗan har ɗigar ta tsaya, a kuma cika kofunan giris, a murɗa su lokaci-lokaci ana cikin aiki. Ruwan kogi ko na sabuwar rijiyar burtsatse a bar shi ya kwanta a duro tukuna.

Tiyo mai tsawo kuma siriri yana cin firesha a hanya, geji ya nuna 40 a bakin famfo amma abin da ya isa bindiga bai kai haka ba. Mai feshin lambun mangwaro da ya ja tiyo mita 100, ƙara kaurin tiyon zai fi masa amfani da murɗa regileta. Shi manomi ma ya sani cewa firesha mai yawa tana mayar da magani hazo, iska ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci ko fuskar mai feshin.

Idan an ɗaga firesha, duk abin da ke bayan famfo sai ya tashi tare da ita: tiyo, mahaɗai, bindiga. A karanta lambar da ke rubuce a jikin tiyo. Mahaɗar da aka ɗaure da wayar ƙarfe ko robar tayar babur ba ta da wuri a nan, a kai a matse ta da inji. Kada kuma a nemi wurin yoyo da hannu. Siririn ruwa mai firesha yana huda fata tun daga wajen bar 7, ya shige cikin nama da datti ko maganin feshi. A waje ɗan ɗigo ne kawai ake gani, zafin ma da farko ba shi da yawa, amma a ciki naman yana mutuwa, kuma an sha yanke yatsa saboda jinkiri. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita cewa ruwa mai firesha ne ya shige shi, a tafi da robar maganin idan feshi ake yi.

Ranar gwajin famfon da aka yi wa gyara, a kwance regileta gaba ɗaya kafin a tayar da inji, a buɗe bindiga har iska ta gama fita, ruwa ya daidaita. Sannan a riƙa murɗawa rabin juyi, ana duban geji, ana sauraron inji, ana taɓa akwatin mai. Inda allura ta daina hawa, ko ta kai lambar da ke jikin famfo, nan za a tsaya a ɗaure notin kulle.