Yadda ake jero manazarta da salon APA

Masu rubuta furojet a fannin kimiyyar zamantakewa, yawancin sassa APA suke so, wato salon ambato da jero manazarta na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, bugu na 7 da ya fito a 2019, amma dai ka fara tambayar sufabaizanka kafin ka ɓata lokaci.

A cikin rubutu abu biyu ake sawa a baka, sunan ƙarshe na marubuci da shekara, kamar haka (Durkheim, 1897). In maganarsa ka ɗauko kai tsaye to dole ka ƙara lambar shafi, in kuma ta kai kalma 40 sai ka ware ta a sakin layi nata daban ba alamar zance. Marubuta uku ko fiye, sunan na farko kawai sai et al., wato "da sauransu". Mutum ɗaya ya fitar da aiki biyu a shekara ɗaya? Ka bambanta su da 2015a da 2015b.

Jerin manazarta na ƙarshen aiki shi ne inda ake yawan kwafsawa wallahi, za ka ga an ambaci mutum a babi na biyu amma an neme shi a manazarta babu, kuma shi mai dubawa nan yake fara buɗewa. Duk wanda ka ambata ya fito a jerin, wanda ba ka ambata ba ka cire shi ko da ka karanta. A jera bisa haruffa, kowane a sa suna, shekara, taken aiki, mawallafa, in maƙalar mujalla ce a saka DOI in tana da ita, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet.

Zotero, manhajar adana manazarta da jero su, kyauta ce, ka riƙa adana kowace maƙala ranar da ka karanta ta, sannan ka duba abin da ta fitar don takan jirkita sunaye.