Yadda masunta za su nemo kuɗin gyaran ƙasar da guba ta ɓata

Jama'a, wannan magana ta 'yan uwanmu masunta ce, irin na bakin dam ɗin Daberam da Sabke a ƙasar Daura, ko na Zobe can Dutsin-Ma. Idan ƙasar bakin ruwanku ta gurɓata, ko da maganin feshi da ake wanke galan ɗinsa a wurin, ko baƙin mai, ko tsofaffin batura, ko gamalin da wasu marasa tsoron Allah ke zubawa don kifi ya taso, to gyaran yana cin kuɗi sosai, kuma kuɗin nan ba sa zuwa don kun yi kuka a rediyo kawai.

Abu na farko shi ne shaida. Duk ofishin da kuka je sai an tambaye ku wace guba ce, nawa ce, ta kai ina. Ku haɗa ɗan abin da ya samu, ko daga cinikin kifin kwana ɗaya ne, sarkin ruwa ya jagoranta, a je sashen kimiyyar haɗa sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a roƙi malami ya zo da kanshi ya ɗebi ƙasa da ruwa da kifi ya auna. Kar ku ɗebo a leda ku kai, za a ce ba a san inda kuka samo ba. Ku ɗauki hotuna da waya masu kwanan wata, ku ajiye katin asibitin duk yaron da ya yi ciwo. Ku tuna Ogoni, yankin jihar Ribas da malalar mai ta ɓata, sai da UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoton gwaje-gwajenta a 2011 sannan aka yi maganar ware dala biliyan 1 don fara aikin gyara.

Sai rajista. Ba mai tura kuɗi asusun mutum ɗaya, don haka ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, kuma don Allah a saka mata a ciki, su ke ɗiban ruwan, su ke ƙyafe kifin a wurin.

Yanzu ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. In an san wanda ya ɓata wurin, kamfani ne ko ɗan kwangila, shi za a fara kamawa, a kai ƙorafi a rubuce ga NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, da hukumar muhalli ta jiha. Masuntan Bodo a jihar Ribas haka suka yi da Shell, mai ya malala masu a 2008, suka kai ƙara har Landan, a 2015 aka biya su fam miliyan 55. Amma ku lura da shekarun da abin ya ci, kuma diyya daban aikin gyara daban, kar lauya ya haɗe maku su wuri ɗaya.

In ba a san mai laifi ba, wanda a wajenmu shi ya fi yawa, sai gwamnati. Akwai asusun muhalli na tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso daga ciki, ku bi ta hannun mai gari zuwa hakimi zuwa ciyaman, takarda ɗaya kuma ga ɗan majalisarku tun kafin a rufe kasafin kuɗi, ba bayan an rufe ba. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai gyaran ƙasa da ruwa a jihohin arewa, Katsina na ciki. Akwai kuma ƙananan tallafin GEF, asusun muhalli na duniya, da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke kula da shi, wanda aka saba ba ƙungiyoyin al'umma, ba zai kwashe ƙasar gari ba amma zai kewaye wurin ya haƙa rijiya mai tsafta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake daina bibiya da zarar an ji "an amince". A Zamfara gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a 2010, garin Bagega ya zauna jiran kuɗin da aka yi alkawari, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna cewa ba za su iya fara magani ba sai an gyara ƙasar don yaro zai koma cikin gubar ne, sai da matasa suka taso gwamnati a gaba a soshiyal midiya aka saki kuɗin a 2013. To ku ma ku sa mutum biyu masu waya su riƙa bibiya, kowace takarda a buga mata hatimin karɓa a riƙe kwafi.

A lissafin da za ku miƙa kar ku rubuta kuɗin tono kawai. Ku sa kuɗin ramin da za a binne gurɓatacciyar ƙasar nesa da ruwa, da motocin kawo sabuwa, da safar hannu da takalma ga matasan gari da za su yi aikin, da abin da masunta za su ci in an hana su shiga ruwa, da gwaji na biyu bayan damina ta wuce, shi ne zai nuna ko aikin ya yi.