Yadda na gyara cijewar gem ba tare da sayen sabuwar kwamfuta ba

Kwamfutata ta fara cijewa a tsakiyar wasa, hoto ya tsaya cak sannan ya zabura. Abokai suka ce ta tsufa, wai duk shekara biyu ake sauyawa. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba, sai na shiga neman abin da ya gaza a cikinta.

Na kunna MSI Afterburner, manhajar da ke nuna yawan aikin da sassan kwamfuta ke yi, ina wasa ina duba alƙaluma. Katin hoto, GTX 1060 mai 6GB da ya fito tun 2016, bai ma ƙure ƙarfinsa ba. Firosesar ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 1600, take nishi, RAM ɗin 8GB, ma'ajiyar wucin gadi ta ayyukan da ke gudana, kuma ya cika maƙil. Da na buɗe akwatin sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a fanka kamar auduga. Na kakkaɓe ta, na ƙara wani RAM na 8GB irin na farko don su yi aiki tare.

Saura sauya firosesa: babban allon kwamfutar (motherboard) B450 ne, yana karɓar Ryzen 5 5600, amma sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da allon, tun tsohuwar firosesa tana ciki. A jona injin sola ko UPS kafin a fara, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da sabuntawa, allon na iya ƙin tashi. Na ɗora sabuwar firosesar, na shafa mata sabon man sanyaya (thermal paste), cijewa ta kau.

Katin hoton na bar shi. Sai ranar da rage ingancin hoto ya daina taimakawa zan sauya shi.