Matakan haska harabar kanti ko shago a Maradi

Da farko ka zagaya wurin bayan sallar isha'i, ba da rana ba. Lura da inda duhu yake taruwa: bakin ƙofa, wurin ajiye babura, lungun bayan sito, da allon suna.

Sai zaɓen fitila. Ɗauki LED mai wat 30 zuwa 50 don fili, wat 10 ya ishi bakin ƙofa. Duba kwalin ka ga IP65, wato ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa shiga cikinta. Mai haske ɗan rawaya, 3000K, ta fi farar fat, domin farar ita ce ke tara ƙwari a kan kaya da damina.

Kafa ta a tsayin mita 3 zuwa 4, tazarar fitila da fitila kamar ninki uku na tsayin. A nan ne yawanci ake kuskure: a ɗaga kanta tana kallon titi, ta kashe wa mai babur ido, gindin bango kuma duhu ƙirin, inda ɓarawo yake so. Sunkuyar da ita ƙasa.

Waya ta bi cikin bututun roba, a binne ta aƙalla rabin mita. Inda za ta shiga fitila, bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, don ruwa ya ɗiga waje. A sa wayar ƙasa (earth), wadda ke kai wutar da ta zille cikin ƙasa, da mayankin wuta mai 30mA, wato na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta zille. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran lantarki ne.

In ka sa na'urar da ke kunna fitila da kanta idan duhu ya yi da magariba, kada ta fuskanci fitilar, in ba haka ba ta dinga kunnawa tana kashewa. Ƙara mai sola ɗaya a ƙofa saboda ɗaukewar wuta, ka riƙa goge farantinta duk mako lokacin hazo.