Ku bar Git ya nemo muku inda ɓarnar ta shigo

'Yan uwa masu rubuta manhaja, in abu yana aiki makon jiya yau ya lalace, kar ku kwana kuna duba layi-layi. Ku yi git bisect, wani umarni a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aikinku.

Ku nuna masa commit (wato sauyin da aka adana a Git) mai lafiya da wanda ya lalace. Zai kai ku tsakiya, ku gwada, ku ce good (lafiya) ko bad (ya lalace). Kowane gwaji rabin commit ɗin da suka rage yake zubarwa, don haka commit 1,000 gwaji 10 sun ishe ku.

Amma fa in kun saba cusa aikin mako guda a commit ɗaya, tulin zai nuna muku, sauran wahala taku ce. In kuma matsalar mai bayyana ce tana ɓacewa, amsa ɗaya ta kuskure za ta ɓatar da ku.

Commit ɗin da manhajar ta ƙi tashi a kansa, ku tsallake shi da git bisect skip.